Baƙon Da Ya Zama Ɗan Gari: Tarihin Wasannin Shakespeare A Japan Da Ƙasar Sin

Mai karatu, in kana cikin ma'abota finafinan Chanis da na Japan, mai yiwuwa ka taɓa cin karo da wani fim mai suna Ran, inda wani tsohon sarkin yaƙi ya raba wa 'ya'yansa uku mulki, aka wayi gari biyu daga cikinsu suna farautarsa kamar zomo. Ko kuwa ka kalli The Banquet, wanda Zhang Ziyi ta fito a matsayin sarauniya, ana ta tashi sama da takubba, ana zuba guba a kofin giya. Duk wanda ya kalli waɗannan finafinai zai iya rantsuwa cewa tatsuniyoyin kakannin mutanen ne. Alhali kuwa a cikin kowannensu akwai hannun wani Bature ɗan Ingila, William Shakespeare, wanda aka haifa a 1564, ya mutu a 1616, bai taɓa taka ƙasar Sin ko Japan ba.

Tun daga 1885 mutanen waɗannan ƙasashe biyu suke juya wasanninsa, a kan daɓe da kuma a fim. Sinawa ma sun raɗa masa suna daidai bakinsu, Shashibiya, suna kuma girmama shi da laƙabin Shaweng, wato Dattijo Sha. Mu da muka daɗe muna musu a kan "wanki" a finafinanmu, wannan tarihi ya dace mu san shi, domin kusan duk hanyar da ake bi wajen aron labarin baƙi, su sun bi ta. Sun gwada kwaikwayo tsagwaronsa, sun gwada fassara, sun gwada rushe labari su sake gina shi. Wasu an ɗaure su a kan haka, wani ma a bakin aikin ya rasa ransa.

TA ƘOFAR LABARI YA SHIGA

Abu na farko da zai ba ka mamaki shi ne, ba wasannin Shakespeare ne suka fara isa can ba. A 1807 wata Baturiya Mary Lamb da ƙaninta Charles sun ɗauki wasanninsa 20 suka mayar da su gajerun labarai don yara. Wannan ɗan littafi ne ya yi masa jagora zuwa Gabas. Wato mutane sun fara sanin Shakespeare ne a matsayin mai ba da labari mai daɗi, kafin su san cewa mawaƙi ne mai sarƙaƙƙiyar Turanci.

Japan ce ta riga. Ƙasar ta yi sama da shekara 200 a rufe, ba shiga ba fita sai ɗan abin da ba a rasa ba, har jiragen yaƙin Amurka suka tilasta mata buɗe ƙofa a 1853. Daga 1868 sabuwar gwamnati ta duƙufa wajen koyon duk abin da Turawa suka fi ta da shi, tun daga jirgin ƙasa har zuwa tsarin kotu. A 1885 aka nuna wasan farko da aka ciro daga Shakespeare a birnin Osaka. Wasan kuwa shi ne na attajirin nan na birnin Banis, wanda masu karatun Hausa suka sani da suna Matsolon Attajiri a fassarar Ɗahiru Idris: mutum ya ci bashi, ya sa hannu cewa in ya kasa biya a yanki laba ɗaya na naman jikinsa, sai wata mace ta yi shigar lauya ta cece shi a kotu.

Amma mutanen Osaka ba su ga Banis ba, ba su ga Bayahude ba. An mayar da labarin cikin garinsu, garin 'yan kasuwa, mai ba da bashin ya zama ɗan Japan, sunan wasan kuma ya koma wani abu mai kama da "Duniyar Kuɗi A Lokacin Fure". An yi shi ne da salon kabuki, wasan gargajiyarsu mai kiɗa da kwalliyar fuska, wanda maza ke fitowa a matsayin mata tun bayan da hukuma ta hana mata hawa daɓe a 1629.

A ƙasar Sin kuma, wani malami ne mai suna Lin Shu ya buɗe hanya a 1904. Kai, wannan mutum abin al'ajabi ne: bai iya ko kalma ɗaya ta Turanci ba, amma ya fassara littattafan ƙetare sama da 150! Yadda yake yi shi ne, abokin aikinsa ya riƙa karantawa yana gaya masa ma'ana da baki, shi kuma yana rubutawa da tsohon harshen malamai. Da taimakon Wei Yi ya fassara littafin su Lamb, ya sake wa labaran suna. Hamlet ya zama "Umurnin Fatalwa", labarin attajirin kuma ya zama "Jinginar Nama". Da wannan suna aka nuna shi a Shanghai a 1913. 'Yan wasan lokacin ba su da rubutaccen zance. Akan manna musu jadawalin fitowa ne kawai a bayan labule, kowa ya hau ya ƙirƙiri maganarsa, kamar dai yadda tsofaffin 'yan wasanmu na talbijin suka saba yi.

To, me ya sa duk ƙasashen biyu suka fi rungumar wannan wasa tun da farko, ba Hamlet ko Macbeth ba? Amsar tana cikin halin da suke ciki. Kuɗi sun fara fin asali daraja, yarjejeniya a takarda ta fara maye gurbin alƙawarin baka, ga kotunan zamani da lauyoyi da ba a saba gani ba. Ga kuma mace mai ilimi da ta kayar da maza a gaban alƙali, a daidai lokacin da ake musu a kan karatun 'ya'ya mata. Shi ya sa da kamfanin Tianyi ya mayar da labarin fim marar magana a 1927, tare da jaruma Hu Die, sai ya sa masa suna "Lauya Mace". Wannan kamfani na gidan su Shaw ne, waɗanda daga baya suka kafa Shaw Brothers, masu finafinan kunfu da suka cika sinimominmu. A 1931 darakta Bu Wancang ya biyo baya da wani fim da ya ciro daga wasan samarin Verona biyu, ya mayar da su hafsoshin soja 'yan Sin, shahararriyar jaruma Ruan Lingyu ta fito a ciki.

WASA YA ZAMA MAKAMI

Ba a jima ba aka gane cewa labarin baƙo yana da wani amfani: kana iya faɗin abin da ke ranka ka ce ai Bature ne ya faɗa. A fake da guzuma a harbi karsana ke nan.

A 1903 Kawakami Otojiro ya nuna Othello a Tokyo. A wajen Shakespeare, Othello baƙar fata ne da ya auri 'yar manyan Turawa, kishi ya sa ya kashe ta. Kawakami ya san baƙar fata ba ita ce matsalar 'yan kallonsa ba. Don haka jarumin ya zama janar ɗan Japan da aka tura Taiwan, wadda Japan ta ƙwace a 1895, kuma ana raɗe-raɗin cewa ya fito ne daga zuriyar mahauta da majema, waɗanda sauran Japanawa ke ƙyamar haɗa aure da su. Ka ga ke nan ya nemo inda ciwon yake a jikin mutanensa, ya danna wurin. Matarsa Sadayakko ce ta fito a matsayin amaryar, abin da ya taimaka wajen dawo da mata kan daɓe.

Na ƙasar Sin ya fi haka zafi. Bayan juyin juya halin 1911 da ya kawar da sarauta, shugaban ƙasa Yuan Shikai ya waiwayo a ƙarshen 1915 ya ce shi ne sabon sarki. A 1916 'yan wasa suka ɗauko labarin Shakespeare na mutumin da ya kashe sarki ya haye gadonsa, suka sa masa suna "Ɓarawon Ƙasa". Wani ɗan wasa, Gu Wuwei, ya riƙa sakin layi yana ragargazar Yuan daga kan daɓe, 'yan kallo suna tafi. Aka kama shi, aka yanke masa hukuncin kisa. Abin da ya cece shi shi ne sarautar Yuan ta rushe, shi kansa Yuan ɗin ya mutu a watan Yuni na shekarar.

Haka kuma a 1942, ana tsakiyar yaƙi da Japan, makarantar koyon wasan kwaikwayo ta ƙasa ta yi gudun hijira zuwa wani ƙaramin gari, Jiang'an, a lardin Sichuan. A nan darakta Jiao Juyin ya nuna Hamlet a cikin wurin bautar Confucius, inda ɗa ke koyon cewa haƙƙin uba ba ya faɗuwa. Saƙonsa ga 'yan kallo shi ne su dubi yadda jinkiri da wasuwasi suka halaka yariman, kada su bari su halaka ƙasarsu.

WAƊANDA SUKA BA DA RAYUWARSU GA FASSARA

Duk wannan da ake yi, gyara labari ne. Fassarar ainihin wasannin wani aiki ne daban, kuma a nan za ka ga sadaukarwa.

A Japan, malamin jami'ar Waseda, Tsubouchi Shoyo, ya fara da Julius Caesar a 1884, lokacin da ake fafutikar neman majalisa da 'yancin jama'a. Bai kammala dukkan ayyukan Shakespeare ba sai 1928, cikin juzu'i 40, wato shekara 44 ke nan. Bai tsaya nan ba, ya koma yana yi musu gyara har ya mutu a 1935.

Labarin Zhu Shenghao na ƙasar Sin kuwa, ko fim aka yi da shi sai an yi kuka. An haife shi a 1912, yana aikin edita a wani kamfanin ɗab'i a Shanghai, ya fara aikin fassarar yana ɗan shekara 20 da 'yan kai. A wata wasiƙa da ya rubuta wa budurwarsa Song Qingru, ya ba ta labarin cewa mutanen wata ƙasa suna yi wa Sinawa gori, wai ba su da wayewa tunda ko fassarar Shakespeare ba su da ita. Kowa ya san Japan ake nufi. Don haka a wurinsa aikin ya wuce neman abinci, kare mutuncin ƙasa ne.

A watan Agusta na 1937 sojojin Japan suka auka wa Shanghai, ya gudu da ɗan abin da hannunsa ya iya ɗauka, rubuce-rubucensa suka salwanta. Ya sake daga farko. A watan Disamba na 1941 sojojin suka kutsa ofishin jaridar da yake aiki, abin da ya tara ya sake tafiya. Ya kuma sakewa. Ya koma garinsu Jiaxing da amaryarsa, cikin talauci, ba magani, ba isasshen abinci, yana rubutu dare da rana. Tarin fuka ya kashe shi a watan Disamba na 1944 yana da shekara 32, ya bar wasanni 31 a kammale. Matarsa ce ta tattara takardun ta tsaya har aka buga su. Da aka tashi buga cikakkun ayyukan Shakespeare a Beijing a 1978, a kan fassarar Zhu aka gina su, kuma har yanzu tana cikin waɗanda Sinawa suka fi karantawa. Wani marubucin, Liang Shiqiu, ya fi shi tsawon kwana, ya kammala tasa fassarar shi kaɗai a Taiwan a 1967.

ZAMANIN HANCIN ROBA

Samun fassara ya zo da wata sabuwar cuta. Tunda ga ainihin maganar Shakespeare a hannu, sai 'yan boko suka ce gyara labari ƙauyanci ne, dole a yi shi yadda ake yi a Landan. 'Yan wasan Japan suka riƙa sa gashin kanti ja, suna ɗaga kafaɗa irin na Turawa, har aka raɗa wa irin waɗannan wasanni suna "wasan jan gashi".

A ƙasar Sin bayan 1949 abin ya fi tsanani. An ƙyale Shakespeare ne saboda Karl Marx ya yabe shi, aka kuma kawo ƙwararru daga Tarayyar Sobiyet su koyar da yadda ake yin sa. 'Yan wasa suka riƙa manna hancin roba, suna sa gashi mai ruwan zinariya don su zama Turawa. A 1958 aka yi wa fim ɗin Hamlet na Laurence Olivier fassarar murya, ɗan wasa Sun Daolin ya ari bakin yariman, kuma mutane da yawa ta wannan murya suka san labarin.

Amma kada ka yi saurin yi musu dariya. Dubi wasan barkwancin nan Much Ado About Nothing da wata malama 'yar Rasha ta shirya a Shanghai a 1957, aka maimaita shi a 1961 da 1979 ba tare da wani canji na a zo a gani ba. A 1957 ana farautar masana da marubuta, a 1961 ana fama da yunwa. A irin wannan lokaci, wasan da ya yi nisa da gida, ba ya kama da kowa, shi ne mafaka. Hancin roba garkuwa ce. Duk da haka ba ta tsare su ba. Daga 1966 zuwa 1976, zamanin da ake kira juyin al'adu, an haramta Shakespeare ɗungurungum. Tian Han, wanda ya fara fassara Hamlet cikakke a farkon shekarun 1920, kuma shi ya rubuta baitocin taken ƙasar, a tsare ya mutu a 1968.

KUROSAWA YA JEFAR DA KALMOMI

Mutumin da ya nuna wa duniya wata hanya daban shi ne Akira Kurosawa, daraktan Seven Samurai. A 1957 ya fitar da fim ɗin da Japanawa ke kira "Ganuwar Saƙar Gizo", Turawa kuma Throne of Blood. Macbeth ne, labarin jarumin da mayu suka ce zai yi sarauta, matarsa ta zuga shi ya kashe ubangidansa. Turawa suna ganin darajar wasan tana cikin waƙar kalmominsa. Kurosawa kuwa sai ya ajiye kalmomin gefe, ya nemi abin da zai maye gurbinsu a ido da kunne.

Ya samo shi a wasan noh, tsohon wasan Japan da ake yi da fuskar katako da tafiyar hawainiya. Ya nuna wa manyan 'yan wasansa irin waɗannan fuskoki ya ce su zama su. Isuzu Yamada, wadda ta fito a matar, da ƙyar take motsa fuska ko ƙifta ido. Abin da za ka ji kawai shi ne sautin rigarta ta siliki tana jan ƙasa a cikin shiru, kuma wannan sauti ya fi ihu ban tsoro. Mayu uku na Shakespeare sun koma aljana ɗaya tana kaɗi a tsakiyar daji. An gina ganuwar a gindin dutsen Fuji don a samu baƙin yashi da hazo na gaske.

Babban canjin yana cikin ma'ana. A wajen Shakespeare, sarkin da aka kashe adali ne, kuma a ƙarshe halattaccen magaji ya dawo, ƙasa ta zauna lafiya. A wajen Kurosawa, matar tana tuna wa mijinta cewa shi ma ubangidan nasa kashe na gabansa ya yi ya hau. Ba wani adali a nan, sara da sassaƙa ne kawai ke zagayawa. Kuma ba wani jarumi ne ya kashe Washizu ba, sojojinsa ne suka juya suka yi masa ruwan kibau. Kiban gaske aka riƙa harbawa kusa da Toshiro Mifune, ƙwararrun maharba ne ke sakin su, don haka tsoron da ka gani a idonsa ba na wasa ba ne. Ka tuna shekara 12 kacal ke nan da janar-janar suka kai Japan ga halaka a 1945. 'Yan kallo sun san wa ake nufi.

A 1960 ya ɗauko inuwar Hamlet ya kai ta ofis a fim ɗin The Bad Sleep Well. Wani saurayi ya auri 'yar shugaban wata ma'aikata don ya rama wa mahaifinsa, wanda aka tilasta wa faɗowa daga tagar bene saboda a rufe badaƙalar kwangila. Fim ɗin ya buɗe da liyafar biki, aka shigo da kek mai siffar ginin ma'aikatar, an soka fure a daidai tagar. A ƙarshe saurayin ne ya mutu, azzalumin kuma ya ci gaba da rusunawa yana amsa wayar na sama da shi.

Sai Ran a 1985, lokacin Kurosawa yana da shekara 75, idonsa ya fara rauni. Ya shafe kusan shekara 10 yana zana fitowar fim ɗin da fenti saboda ya rasa mai zuba kuɗi, har wani furodusa daga Faransa, Serge Silberman, ya shigo. Asalin tunanin daga tarihin Japan ne, labarin wani sarkin yaƙi Mori Motonari da ya nuna wa 'ya'yansa uku cewa kibiya ɗaya tana karyuwa, uku a haɗe ba sa karyuwa. Tsintsiya maɗaurinki ɗaya ke nan. Kurosawa ya tambayi kansa: in 'ya'yan ba na kirki ba ne fa? Daga nan labarin ya haɗu da King Lear. A fim ɗin, autan ya sa gwiwa ya karya kiban ukun a gaban uban.

'Ya'ya mata na Lear sun koma maza, domin su ke gadon sarauta a zamanin samurai. Sannan Kurosawa ya ba tsohon abin da Shakespeare bai ba shi ba, wato tarihi. Hidetora ya kashe iyalai, ya ƙona garuruwa, ya ƙwaƙule idon yaro. Surukarsa Kaede, wadda ta rusa gidan, 'yar mutanen da ya kashe ce. Don haka abin da ya shuka ne yake girba. An gina ganuwa sukutum aka banka mata wuta don fitowa ɗaya, Tatsuya Nakadai ya sauko daga cikinta kamar gawa mai tafiya. A lokacin yaƙin an kashe duk wani sauti sai kiɗa, har harbin bindiga ɗaya ya dawo da hayaniyar. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta tsara sutura.

DAƁE YA DAWO GIDA

Nasarar Kurosawa ta ba masu wasan daɓe ƙwarin gwiwa. A 1980 Yukio Ninagawa ya yi nasa Macbeth ɗin ta wata hanya: bai taɓa zancen Shakespeare ba, ko sunaye bai canza ba, hoton kawai ya canza. Ya mayar da dandalin gaba ɗaya ƙaton akwatin tunawa da magabata irin wanda ke cikin gidajen Japanawa. Tsofaffin mata biyu ne ke buɗe ƙofofinsa, su zauna a gefe suna kallo suna kuka, furanni suna zuba kamar ruwan sama. Ma'ana, waɗannan matattu naku ne. Da ya kai wasan bikin Edinburgh a 1985, a ƙasar Macbeth kansa, Turawa sun jinjina masa.

A watan Afrilu na 1986 aka yi bikin Shakespeare na farko a Beijing da Shanghai, da wasanni sama da 20. Ƙungiyoyin wasan waƙa na gargajiya, waɗanda talbijin ta ƙwace wa 'yan kallo, suka shigo da ƙarfinsu. A shekarar aka yi Macbeth da salon kunqu mai ɗaruruwan shekaru, da sunan "Hannu Mai Jini". Aka kuma rera wasan nan da Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara mana a 1971 da suna Daren Sha Biyu. A Taiwan, Wu Hsing-kuo, wanda wataƙila ka gan shi tare da Jackie Chan a The Accidental Spy, ya yi "Daular Kwaɗayi" don ya farfaɗo da wasan waƙar Beijing. Ya ari mutuwar kibau daga Kurosawa, ya ƙara da alkafura ta baya daga saman ganuwa. 'Yan mazan jiya suka ce ya ɓata gado. Ƙungiyarsa ta tsaya cik a 1998, ya dawo a 2001 da King Lear, shi kaɗai yana fitowa a matsayin mutum 10.

A 1990 kuma, watanni bayan zubar da jinin dandalin Tiananmen, Lin Zhaohua ya nuna Hamlet a Beijing cikin tsummokara, kujerar aski ce gadon sarauta. 'Yan wasa uku suna musayar matsayi, wanda yake yarima yanzu, an jima shi ne sarkin da ya yi kisan. Bai ambaci siyasa ba, bai kuma bukaci ya ambata ba.

KASUWAR DUNIYA DA TARKONTA

A 2006 finafinan Hamlet biyu suka fito daga ƙasar Sin. The Banquet na Feng Xiaogang ya kai labarin zamanin hargitsin ƙarni na 10, ya ɗauke shi daga hannun yarima ya miƙa wa sarauniya. Ita ba mahaifiyarsa ba ce, tsohuwar masoyiyarsa ce da ubansa ya aura, yanzu kuma baffansa ya gaje ta, tana neman mulkin da kanta. Yuen Woo-ping ne ya tsara faɗan. An kashe kuɗi, an yi ado, amma a gida an samu 'yan kallo suna dariya a wuraren da ake son su yi kuka, domin zancen ya yi musu kama da fassara. Ɗayan fim ɗin, Prince of the Himalayas na Hu Xuehua, an yi shi da harshen Tibet, kuma ya juya labarin: baffan da ake zargi shi ne ainihin uban yariman, fatalwar ce azzaluma, don haka yafiya ta maye gurbin ramuwa.

A nan masu suka suke da magana. Suna cewa wani lokaci furanni da takubba da rigunan siliki ba don ɗan gida ake jera su ba, don alƙalan bukukuwan Turai ne. Ko Kurosawa da Ninagawa ba su tsira daga wannan zargi ba. Wato kamar yadda ake manna hancin roba don a zama Bature, haka ake iya yafa kayan gargajiya don a burge Bature.

To, mai karatu, ina bambancin wannan da wanki? Shi kansa Shakespeare yawancin labaransa aro ne daga littattafan tarihi da tatsuniyoyin Italiya. Shi ma Kurosawa an are shi: Seven Samurai ya zama The Magnificent Seven a Amurka da izini, kuma ana jin ƙamshinsa a Sholay. Amma da Sergio Leone ya kwashe Yojimbo kusan fitowa bayan fitowa ya yi A Fistful of Dollars a 1964 ba tare da izini ba, sai da maganar ta kai ga shari'a, ya biya. Aro ba laifi ba ne, Abubakar Imam ma ya yi shi a Magana Jari Ce. Abin dubawa shi ne tambayar da mai aron ya yi wa labarin. Kawakami ya tambayi wa ake ƙyama a garinsu. Gu Wuwei ya tambayi wane ne ɓarawon ƙasarsu. Kurosawa ya tambayi me tsohon nan ya aikata kafin 'ya'yansa su juya masa baya. Duk marubuci ko daraktan da zai ɗauko labarin Indiya, ko na Koriya, ko na Turkiyya, kafin ya canza wa jarumai suna da sutura, ya kamata ya zauna ya amsa irin wannan tambaya tukuna.